Tambayi Tela: tsiron da zai kama kututture ya jure zafinmu

Wasiƙun da edita ya miƙo mini a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato shuka a jikin itace cikin akwatin kifi. Ina jin hoton da aka buga a fitowar da ta wuce ne ya jawo, wanda aka ɗauka a shagona na Yalwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, inda akwatin gilashi yake bayan keken ɗinki. Na tsamo shida. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, ya duba da kyau, amsarsa tana cikin ta wani.

Tambaya: Baba Tela, ina gaisuwa. Na haɗa akwati mai cin lita 80, na zuba ƙananan kifin ado da ake kira gufi guda goma, na sa wani kututture da na tsinto a bakin mayo, wato kogi. Sau biyu ina aikawa Duwala a sayo mini tsirrai, duk suka narke kafin wata ya cika. Albashin malami ka san shi. Wane tsiro ne zai kama icen nan ya rayu a zafinmu? Daga malamin firamare, Domayo, Marwa.

Amsa: Malam, ina amsawa, Allah ya ba da ladan koyarwa. Ka sayi Anubiyas. In canji ya ragu, ka ƙara sayen Anubiyas. Ko nan na tsaya na fita haƙƙinka, amma tunda edita ya ba ni fili bari in baje.

Tsiro ne gajere, ganyensa kore shar, mai kauri da sheƙi kamar na lemon tsami. In ka murza shi tsakanin yatsu sai ka ji kamar fata. Ɗan gidan su gwaza ne da kainuwa, a wajen masana tsirrai duk dangi ɗaya ne, kuma ranar da ya yi maka fure a cikin ruwa za ka ga kamannin: ɗan farin kunne ya rungume ɗan sanda, irin na gwaza sak. Mazauninsa bakin ƙoramun kurmi, galibi manne da dutse ko gungumen da ya faɗi, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Damina ta zo ruwa ya shanye shi, rani ya zo ya bar shi a waje. Wanda ya tashi a haka, akwatinka ba zai ba shi tsoro ba. Saiwoyinsa suna kama ice kamar ƙafar tsaka a bango, abinci kuwa daga ruwan da ke wucewa yake tsotsa.

Abin da ke ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi, tsiron nan namu ne. Ƙaramin da aka fi sayarwa, wanda ake kira nana, daga wajen Limbe aka samo shi, a gindin Dutsen Kamaru, lokacin garin yana amsa sunan Biktoriya. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Adolf Engler, shi ya rubuta shi a 1899, zamanin Jamus na riƙe da ƙasar nan. Babban wansa kuwa, barteri, sunan wani ɗan Ingila ya ci, Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin binciken kogin Kwara, ajali ya same shi a Rabba, ƙasar Nufe, a 1859. Yau gonakin Turai da na Asiya ke rainon sa a rumfunan gilashi, a dasa a ɗan kofin roba, a dawo mana da shi mu saya da tsada. Amma kada in cika baki da "namu". Limbe da Garwa a taswira kawai suke ƙasa ɗaya. Kusa da Limbe akwai Debunca, inda ruwan sama ke kai milimita 10,000 a shekara, mu nan in mun samu 1,000 sai mu ce damina ta yi albarka. Baƙo ne a wajenmu, sai dai baƙo mai haƙuri.

In za ka saya, ba ganye ne abin dubawa ba. Akwai wani kara kore, kaurin fensir, a kwance, ganye na fita ta samansa, saiwoyi ta ƙasansa. Ni citta nake ce masa, don haka citta take tafiya, sai dai ita a cikin ƙasa. Ran tsiron a nan yake. Ka gaya wa ɗan aikenka ya matsa cittar da yatsa. Ta yi tauri, ya biya. Ta yi laushi ko tana wari, ya bar musu kayansu komai kyan ganyen. Mai ganye biyar ko shida ya isa farawa.

Sai babbar doka: kada ka binne cittar nan. Ni na binne. Shekarar da na fara, wani direban babbar mota da nake yi wa ɗinki ya kawo mini guda uku daga Duwala, naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida. Na ce tsiro ai ƙasa yake so, na tona yashi na turbuɗe su har wuya kamar mai dashen tumatir. Mako biyu ba abin da ya faru, ina ta yabon kaina. A na uku na buɗe shago da safe na tarar da ganye ɗaya yana yawo a saman ruwa, kore shar, ko tabo babu, sai dai gindin sandarsa ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa. Washegari biyu suka taso. Da na naɗe hannun riga na tono, cittar ta fashe a yatsuna, warin kuwa sai da yaron shago ya ajiye almakashi ya fita waje. Guda ɗaya na ceto, shi ma don gefensa ya leƙo daga yashin ne. Na yanke ruɓaɓɓen da sabuwar reza har na kai inda ya yi tauri, na ɗaure guntun a jikin ice. Duk Anubiyas ɗin da ka gani a hoton nan jikokinsa ne.

Wajen ɗauri ne sana'ata ta yi mini rana. Ka fito da kututturen waje, ka kwantar da cittar a wani lungu ko tsaga, saiwoyi su rungumi icen, ka zagaya da zare sau huɗu ko biyar ta tsakanin ganyaye. Kada ka ja kamar mai ɗaure buhun gawayi, daidai yadda ba zai motsa ba in ka girgiza. Zaren ya zama na auduga, baƙi ko kore, don shi zai ruɓe da kansa bayan wata biyu ko uku, lokacin saiwoyi sun kama. Abin kunya, a ƙasar auduga muke amma yawancin zaren kasuwa na roba ne. Gane su ba wuya. Ƙyasta ashana ka taɓa bakin zaren: na auduga zai ci wuta ya bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda, na roba kuwa zai narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Na roban ma yana ɗaurewa, haka zaren fatsa, amma sai ka tuna ka yanke su da hannunka, in ba haka ba cittar ta yi ƙiba zaren ya shige cikinta, ko kifi mai ƙaya ya sarƙe a ciki. Mai gaggawa ya nemi sufa-gulu, mai kaurin nan ya fi: ɗigo biyu a ƙasan cittar, a danna a ƙirga talatin, a mayar ruwa. Wurin zai yi fari kamar alli, ba ya cutar da kifi. Sholisho da gam ɗin masu gyaran takalmi kada su kusanci akwatin. Wayar wuta ma haka, jan ƙarfen da ke cikinta guba ne a ruwa.

Na biyu a wajena shi ne ganyen Java, wanda masu sayarwa a kudu suke ce wa fujer. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya. Ganyensa dogo, mai tsini, kamar ƙaramin ganyen mangwaro, shi ma da cittarsa, dokarsu ɗaya da Anubiyas. Ya fi saurin cika wuri, kuma yana da wata al'ada: a jikin ganye yake haihuwa. Tsohon ganye ya fara baƙi, sai ka ga ƙananan tsirrai da gashin saiwa sun ɓullo a bakinsa. Kada ka yi saurin yankewa, bari su kai gaɓar yatsa ka ɓalle ka ɗaure a wani wuri. Baƙaƙen ɗigogin da ke jere a bayan ganyen kuma ba cuta ba ne, irinsa ne. Nawa a Afrilu yakan yi fushi ya ƙone gefe-gefe, amma in cittar na da rai, da damina sai ya dawo.

Waɗanda suka narke maka ban gan su ba, amma zan iya canka. Ko dai masu laushin ganye ne kamar gashin tsuntsu, ja-ja ɗin nan masu son haske mai ƙarfi da ruwa mai sanyi, ko kuma ba na ruwa ba ne sam. Akwai masu yanko furannin ado irin na ƙofar otal, masu ratsin fari, su cusa a ruwa su sayar. Wata ɗaya suke yi su ruɓe. In ba ka ga citta ba, riƙe kuɗinka.

Ranar da za a taso da tsiron da ka saya, a naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida, a sa a leda a hura iska a ɗaure. Kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere da yini a mota zuwa Marwa ba sa yi masa komai, muddin ba a jefa shi saman mota cikin rana ba. Roƙi direba ya tura ƙarƙashin kujera. Kuma ka yi aiken da hunturu ko da damina, kada ka yi a Maris.

Tambaya: Malam Tela, barka da aiki. Maigida ya sa an sassare dalbejiyar tsakar gida, na zaɓi wani reshe mai kyan lanƙwasa zan sa wa yara a akwatin kifinsu. Kafin nan mun sa wani guntun ice da aka tsinto a bakin kogin Logon, ruwan ya koma kamar shayi, wani farin abu kamar majina ya rufe icen. Guba ce? Daga wata uwargida, Kusseri.

Amsa: Hajiya, barka kadai. Reshen dalbejiyar nan a kai shi murhu. Ɗanyen ice ko wane iri ne ba ya shiga akwati, balle dalbejiya da muke zuba ganyenta a rumbu don ƙwari. Abin da ya kori ƙwaro daga buhun wake ba zai bar kifi lafiya a ɗan ruwan da bai wuce jarka uku ba. Haka aduwa, masunta sun daɗe da sanin ɓawonta na sa kifi ya taso sama a sume. Duk mai farin nono irin tumfafiya, da duk katakon da ya sha fenti ko maganin gara, a bar su inda suke.

Wanda ake nema shi ne icen da ya daɗe da mutuwa, mai nauyi, ɓawo ya zube, farce ba ya shiga jikinsa. Nawa wani masunci ne ya ciro mini a Lagdo. Tun da aka tare kogin Binuwai a wurin a 1982 itatuwan da ruwa ya shanye suke can ƙasa suna yaga wa masunta taru, murna ya yi da ya rabu da shi. A shagunan kudu za ki ga wani mai launi biyu, mopani ake ce masa, daga kudancin Afirka ake kawo shi, yana nutsewa nan take. Kyakkyawa ne, amma ga Logon da Shari a ƙofar gidanki, kuɗin gara ki sa a tsiro.

Shayin nan ba guba ba ne. Wanda ya taɓa bi ta wajen majeman Marwa ya ga ruwan bagaruwar da suke jiƙa fata a ciki. Irin sinadarin da ke cikin bagaruwar shi ne a jikin icen, kaɗan-kaɗan yake fita yana rina ruwa. Kifayen kurmi da yawa a irin wannan ruwan suke rayuwa, Anubiyas ma ko a jikinsa. In launin ne ya dame ki, ki tafasa icen a babbar tukunya awa ɗaya ko biyu, ki zubar, ki sake. A ɗauraye tukunyar sosai kada sabulu ya rage. In ya fi ƙarfin tukunya, a jiƙa a baho mako biyu ko uku, ana canja ruwa bayan kwana biyu. Ni na fi son tafasawa, don tana kashe ƙwan katantanwa da duk wani abin da ya biyo icen daga kogi, tana kuma sa shi nutsewa da wuri. In har yanzu yana tasowa, a ɗaure masa dutse.

Farar majinar kuwa ƙananan halittu ne ke cin sauran zaƙin da ya rage a cikin icen. Abincin ya ƙare su ma su ƙare, mako biyu zuwa uku. A goge da sabon buroshin haƙori in tana ɓata wa yara rai. Shawarata ɗaya, ki jira ta wuce kafin ki ɗaure tsiro, kada ta lulluɓe cittar tun ba ta kama ba.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na sa ma'aunin zafi a ruwa, a Afrilu da la'asar 33 yake nunawa. Ga ɗauke wuta, wani lokaci yini cur. Akwai amfanin in sayi tsiro, ko in haƙura da na roba? Daga wani ɗan kasuwa, Njamena.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai amfani, amma sai ka yi wa ruwan dabara. Anubiyas tsakanin 22 da 28 yake jin daɗi, 30 yana jurewa. A 33 kullum sai ya tsaya cak, tsofaffin ganye su fara rawaya. Kafin shi ma kifin ne zai fara kuka, don ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take, shi ya sa kake ganin su a sama suna haki.

Dabarar tana tsakar gidanka, a gindin randa. Me ke sanyaya ruwan randa? Gumin da take yi, iska na busar da shi. To, ka ɗage murfin akwatin, ka ɗora ƙaramar fanka mai caji tana hura saman ruwan. Da busasshiyar iskarmu ta bazara za ka ga ma'aunin ya sauka da biyu ko uku. Ruwa zai riƙa raguwa, ka cika kullum da wanda ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, don maganin da ake zuba wa ruwan famfo ya fita. Amma ciko kaɗai ba ya isa. Ruwa ne ke tashi, gishirin da ke cikinsa yana nan yana taruwa, farin zoben da kake gani a bakin gilashi shi ne shaida. Duk mako ka ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu ka zuba sabo.

Sauran kuma wurin ajiya ne. Ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon yamma, kusa da ƙasa, ba saman kabad ƙarƙashin kwano ba. Fitilar ka kunna ta da safe ko bayan magariba, ka bar ta a kashe tsakanin azahar da la'asar. Ranar da abin ya yi tsanani ka jefa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe, ƙarama, kada ka zuba ƙanƙarar tsirara, don faɗuwar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa. Kuma akwati in ya yi girma ya fi riƙe sanyin dare. Lita 20 a Njamena azabtar da dabba ne.

Ɗauke wuta kuwa ba ruwan Anubiyas da shi. Kwana uku a duhu ba ya ko yamutsa fuska, ai ɗan inuwa ne. Kifin za ka ji wa. Nemi ɗan injin iska mai batir, in babu ka riƙa ɗiban ruwan da moɗa kana kwararawa daga sama lokaci-lokaci, kuma ranar kada ka ba su abinci. Na roba ba na hana kowa, amma shi ba ya shan ƙazantar kifi, ƙura kawai yake tarawa.

Tambaya: Baba, ina wuni. Anubiyas ɗina ya kama ice lafiya, amma ganyen ya yi ɗige-ɗige kore masu tauri, gefensa kuma wani baƙin gashi. Na ajiye akwatin a bakin taga don ya samu rana. Me ya rasa? Daga 'yarka ma'aikaciyar jinya, Rumde Ajiya, Garwa.

Amsa: 'Yata, lafiya lau. Bai rasa komai ba, yawa aka yi masa. Tagar nan ce. Gansakuka ce ta hau shi, kuma duk tsiron da ke girma a hankali haka take yi masa, don ganye ɗaya yakan shekara a wurinsa, ta samu wurin zama. Ki janye akwatin daga rana, ki sa fitila mara ƙarfi awa shida ko bakwai, ki juya kututturen yadda tsiron zai koma gefen inuwa. Ki rage abinci, abin da ba su cinye a minti biyu ba ya yi yawa. Ganyen da ya ɓaci sosai ki yanke shi daga gindi dab da citta, amma kada ki wuce ɗaya cikin uku a lokaci guda. Masu ɗan dama-dama ki murza da babban yatsa ranar canjin ruwa.

Akwai maganin da ba a saye: kainuwa. Dashen Allah, ba ta son zare ba ta son gam. Ki jefa uku ko huɗu a saman ruwa, su yi wa ɗan'uwansu rumfa, dogayen saiwoyinsu kuma su riƙa shanye abincin da gansakuka ke rayuwa a kai. Tana yaɗuwa kamar jita-jita, duk mako sai kin kwashe rabi, kuma ba ta son murfi a rufe, ɗigon da ke sauka daga gilashi yana ruɓar da ganyenta.

Sai dai ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin fi ni sanin tsargiya. Ƙwayar cutar daga jikin ƙananan katantanwar tafki take fita ta shiga fatar mutum, katantanwar kuwa cikin saiwar kainuwa take ɓuya. Kada ki aiki yaro ya shiga kududdufi ya ɗebo miki. In an kawo daga tafki, a zuba a bokiti daban mako uku, ana dubawa da safar hannu, ana tsince katantanwa da ƙwanta, wani abu kamar ɗigon kamu mai haske a jikin ganye. Mafi sauƙi, tunda gari ɗaya muke, ki aiko a karɓa a shago. Kullum zubarwa nake.

Tambaya: Malam, ni ƙananan karfasa da ƙurungu nake kamowa in zuba. Za su bar tsiron? Daga ɗan masunta, Lagdo.

Amsa: Ɗana, ƙurungu zai gode maka, ƙarƙashin kututturen zai mayar ɗakinsa, ba ruwansa da ganye. Karfasa ce 'yar rigima. Haƙa take, duk abin da aka dasa a yashi sai ta tumɓuke, shi ya sa ma ɗauri a jikin ice ya fi dacewa da kai. Tsohon ganyen Anubiyas ya fi ƙarfin bakinta, ganyen Java ma ba ya yi mata daɗi, amma sabon toho mai laushi takan yage. Ka ɗaure da zaren fatsa, ka danne icen da dutse. Ka kuma sani wata shida masu zuwa ta fi ƙarfin akwatin, sai tafki ko tukunya.

Tambaya: Baba Tela, na ga hotunan ice lulluɓe da wani abu kamar koren gashi, da wani mai ganye kamar leshi. Za su yi a nan? Sannan Anubiyas ɗina wata uku ganye uku kacal ya ƙara. In ɗan barbaɗa masa takin zamani? Daga ɗalibi, Sabongari, Ngaundere.

Amsa: Kai ne ɗan gatan wannan fitowar. Garinku yana sama da mita 1,000 a kan tudun Adamawa, ruwanku ba ya dahuwa kamar namu, don haka abin da ya gagare mu kai zai yi maka.

Koren gashin, mus ɗin Java ake ce masa. Ba shi da citta ba shi da saiwar kirki. Ka shimfiɗa shi siriri a jikin ice, kamar mai shafa man shanu a burodi a gidan da ake tsimi, ka nannaɗe da zare. In ka tula shi da kauri na ƙasan zai ruɓe ya saki. Ya yi tsawo ka yi masa aski da almakashi, ka kwashe abin da ka aske. Yana tara datti, amma 'ya'yan gufi a cikinsa suke tsira daga bakin iyayensu. Ni sau uku ina gwada shi a Garwa, sau uku Afrilu na mayar da shi kalar taba, na sallama.

Mai kama da leshin Bolbitis ne, shi ma ɗan Afirka, a ƙoramu masu gudu yake fitowa manne da duwatsu. Koren nasa mai duhu ne, in haske ya bi ta bayansa har kana gani ta ciki. Da citta yake, kada a binne. Ruwa mai motsi yake so, ka ɗaure shi daidai inda injin tace ruwa ke fesowa. Ganyen da ya zo da su suna iya yin baƙi su mutu, kada ka jefar, sababbin da za su fito a ruwanka su ne naka. Za ka kuma ji ana zuzuta wani wai Busefalandara, daga tsibirin Borniyo. Tsada gare shi, ga saurin fushi in ruwa ya canja. Bari sai ka shekara ba ka kashe komai ba.

Takin zamani kuwa, kul. Na gona, musamman farin nan, yuriya, in ya shiga ruwa yana komawa abin da ke ƙone wa kifi huhunsa na kunne, ka wayi gari duk sun juya ciki sama. Kashin kifinka shi ne takin. Ganye ɗaya a wata ba ciwo ba ne, tafiyarsa ke nan. Abin dubawa launin sabon ganye: in ya buɗe da ɗan haske sannan ya yi duhu, lafiya. In ya tsaya fari-fari bai yi kore ba, sinadarin ƙarfe ya rasa, sai ka nemi takin ruwa na akwatin kifi, ka sa rabin abin da aka rubuta a kwalba. Ranar da cittar ta kai ganye goma ka raba ta biyu da reza, kowane ɓangare da ganye huɗu ko biyar, sai ka ga inda ka yanke ya yi sabon kai.

In ka biyo ta Garwa da hutu, ka sauka Yalwa ka tambayi shagon tela mai kifi. Ka taho mini da guntun Bolbitis in ba ka nana biyu. Na san bazara za ta kashe mini shi, amma ka kawo.